Doki a Littattafan Yara: Daga Ƙurun Ingila Zuwa Bargar Jega

A Ingila akwai wani irin littafin yara da ake bugawa sau ɗaya tak a shekara. Ba ya fitowa sai shekara ta doshi ƙarewa, don iyaye da kakanni su saya su ɓoye, ranar Kirsimeti su miƙa wa yaro. Shekarar da za a shiga ake rubutawa a bangonsa, saboda kada littafin ya tsufa kwana bakwai da buɗe shi. Akwai na ƙwallon ƙafa, akwai na jiragen ƙasa, akwai na barkwanci. Daga wajen 1950 zuwa shekarun 1970 kuwa, wani reshe na waɗannan littattafai ya yi kasuwa ƙwarai, wato na doki da hawansa, musamman ƙuru, ƙaramin dokin nan da yaro ke iya ɗaura wa sirdi da kansa.

In ka ɗauki ɗaya daga cikin tsofaffin ka juya, za ka ga bango mai tauri, galibi da hoton yarinya sanye da hular kwano tana tsallake shinge a kan ƙuru. A shafin farko an bar ɗan fili don mai littafi ya rubuta sunansa, kuma sau da yawa sunan yana nan, da rubutun yaro mai karkacewa. Kusurwar da aka buga farashi kuwa an datse ta da almakashi, don ba a ba mutum kyauta da kuɗinta a jiki. In kusurwar ta tsira, ita za ta gaya maka zamanin littafin: in da sule da sisi aka rubuta kuɗin, to an buga shi kafin 1971, shekarar da Ingila ta bar lissafin sule, shekara biyu kafin Nijeriya ta koma naira da kwabo a 1973. Masu tara irin waɗannan littattafai a yau sun fi zuba kuɗi a kan wanda ba a datse kusurwarsa ba, ba a kuma cike wasannin ƙwaƙwalwar da ke ciki da biro ba.

Abin da ke ciki gauraye yake. Ga gajerun labarai, kusan kullum a kan yarinyar da ba ta da kuɗi, ta tsinci wani ramammen ƙuru da kowa ya raina, ta yi ta jinyarsa har ya ci gasa. Tsakanin labari da labari sai darasi: yadda ake sharce doki, yadda ake ɗaga ƙafarsa a cire tsakuwa daga kofato, zanen sirdi da linzami da sunan kowane sashe, abin da zai ci da sanyi da abin da zai ci da bazara, alamun ciwon ciki. Sai tambayoyi, amsoshinsu a shafin ƙarshe. Yaro ya zo neman labari, ya tashi da sanin kiwo bai ankara ba.

Su a can, awo ne ke raba ƙuru da doki. Ana aunawa daga ƙasa zuwa doron kafaɗa da ma'aunin tafin hannu, kowane tafi inci huɗu. Abin da bai wuce tafi goma sha huɗu da inci biyu ba, wato wajen santimita 148, ƙuru ne, kome tsufansa. Suna da iri-iri da suka tashi a duwatsu da dazuzzukan ƙasar: Shetland, Welsh, Exmoor, Dartmoor, New Forest. Gajeru ne, masu gashi da yawa, masu jure sanyi, masu taurin kai.

Yadda abin ya faro

Kakar waɗannan littattafai ita ce Black Beauty, wanda Anna Sewell ta fitar a 1877, ta rasu watanni kaɗan bayan fitowarsa. Doki ne ke ba da labarin rayuwarsa da bakinsa, daga gidan jin daɗi zuwa jan keken haya a titunan Landan. Ba don yara ta rubuta shi ba. Masu aiki da dawaki take yi wa nasiha, musamman a kan wata igiya da ake ɗaure kan dokin keke da ita a ɗage shi sama don ya yi kyan gani, ko da kuwa wuyansa zai ƙage. Yara ne suka karɓe littafin daga baya, har yau bai bar hannunsu ba.

A zamanin Anna Sewell doki ma'aikaci ne. Shi ke jan garma, shi ke jan keken kaya, shi ke kai likita gidan maras lafiya. Kowane ƙauye da maƙerinsa mai yi wa doki takalmin ƙarfe, kowane babban gida da 'yan bargarsa. Yaron da ke son sanin doki ba ya bukatar takarda, ya je ya tsaya ya gani. Bayan Yaƙin Duniya na Farko mota da tarakta suka fara cin wannan aiki, kafin shekarun 1950 sun cinye shi kusan ƙarƙaf. Hawan ya rage, amma ya koma na nishaɗi. Sai ga yaro yana son doki, ubansa akawu ne a birni, bai taɓa riƙe ragama ba, tsohon ɗan bargar da zai koya masa kuma ya mutu ko ya koma direba. A wannan gurbi littafi ya shiga.

A 1929 aka kafa ƙungiyar Pony Club don koya wa yara hawa da kula da dabbar. A shekarar ne kuma aka buga Moorland Mousie, labarin wani ƙurun Exmoor. A 1936 Joanna Cannan ta fitar da A Pony for Jean, inda ta karɓe labarin daga bakin doki ta mayar da shi bakin yarinya mai doki, kuma a kan wannan turba kowa ya bi. 'Ya'yanta mata uku, Josephine da Diana da Christine Pullein-Thompson, suka gaje ta, suka rubuta littattafai masu ɗimbin yawa. Ruby Ferguson ta yi guda tara a kan wata yarinya Jill, tsakanin 1949 da 1962. Mujallar Pony ta fara fita a 1949, littafin shekara-shekara na Pony Club ya biyo baya a 1950. Shi kuwa Norman Thelwell, mai zanen barkwanci, ya ga abin ya yi yawa, ya shiga zana ƙananan 'yan mata a kan ƙuraye masu tumbi da ba sa jin linzami, ya tara zanen a littafinsa Angels on Horseback a 1957. Da talabijin ta zo da wasanni irin su Follyfoot a farkon shekarun 1970, su ma aka yi musu nasu littattafan shekara.

Kada a ɗauka duk waɗannan littattafai gwanaye ne. Da yawansu labari ɗaya suke maimaitawa da sabon suna, kuma duniyar da ke cikinsu ta masu hali ce, inda talauci ke nufin ba ka da doki na biyu. Amma abu ɗaya sun yi shi da kyau: sun kwashe abin da ke kan tsofaffin 'yan barga sun zuba a takarda kafin ya bi su kabari, cikin harshen da ɗan shekara goma zai fahimta.

Dokin kara

A ƙasar Hausa dokin farko na yaro ba a saya masa. Da kaka, in an girbe dawa, sai ya zaɓi kara dogo mai kauri, ya lanƙwasa samansa a gaɓa ba tare da ya ɓalle shi ba, kai ya samu ke nan. Ya tsaga ɓawon kara ya kafa kunnuwa biyu. Ya samo tsumma ko zaren buhu ya ɗaure baki ya zagayo da shi wuya, ga linzami. Mai son ƙawa ya rataya masa jajayen ƙyallaye daga shagon tela. Daga nan sai ya ratsa shi tsakanin ƙafafu, gindin karan yana jan ƙasa yana ta da ƙura, shi ne mahayi, shi ne doki, shi ne mai haniniya, wani lokaci har shi ne maroƙi. In sun taru su biyar ko shida, dole a sami sarki, a sami masu kai jafi. Wanda ya lura da kyau zai ga yaran ba gudu kawai suke yi ba. Akwai mai yin takama, akwai mai sassaka, akwai wanda zai sheƙo da sukuwa ya yi zamiya a gaban sarkin yana ɗaga hannu. A hawan salla suka gani, suka haddace.

Rubutu na farko da wannan yaro zai gamu da shi a kan doki kuwa a allo yake. Suratul Adiyat, sura ta 100, mai aya goma sha ɗaya, da rantsuwa da dawaki masu gudu ta buɗe, kuma tana cikin gajerun surorin da ake fara biya wa almajiri. Malaman Larabawa na farko irin su Abu Ubaida da Asma'i sun wallafa littattafai sukutum a kan doki, sunayen gaɓoɓinsa da launukansa da halayensa, amma waɗannan karatun manya ne.

Yaron Jega ko Aliero ko Maiyama a Jihar Kebbi yana da dalilin da ya fi na yaron Ingila na son doki, don tarihin ƙasarsa a kan sirdi aka yi shi. A ƙarshen 1803 mayaƙan Sarkin Gobir Yunfa suka auka wa Gimbana, garin Malam Abdussalami, nan kusa da inda Jega take a yau, kuma wannan hari yana cikin abubuwan da suka kunna wutar jihadi. A Tabkin Kwatto, a 1804, Gobirawa sun zo da barade da 'yan lifidi, jama'ar Shehu Usmanu kuwa, ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo, dawakinsu ba su wuce ashirin ba kamar yadda Muhammadu Bello ya rubuta, 'yan baka ne suka ci yaƙin. Amma ba a daɗe ba masu jihadin suka gane cewa ba a riƙe ƙasa da baka kaɗai, suka shiga tara dawaki. Wajen 1820 Buhari ɗan Abdussalami ya zauna a Jega, a bakin gulbin Zamfara, ƙarƙashin Gwandu. Cikin ƙarni na 19 kasuwar garin ta bunƙasa har ta shiga sahun manyan kasuwannin daular, ta zama matattarar fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro. Jakai ke ɗaukar kaya, madugu na kan doki. Tun daga tawayen Yakubu Nabame a 1849 kuma har zuwan Turawa, tsakanin Gwandu da Kabawan Argungu hari ne da ramuwa, mafi yawansa a kan dawaki, kuma sunan Sarkin Kabi Sama'ila ya daɗe yana hana garuruwan Gwandu barci. Ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai Argungu a 1934, wadda aka yi bikin kamun kifi don girmama ta, ita ta rufe wannan babi.

Ƙasar ma ta dace da kiwonsu. Arewa da Jega, ta ƙasar Arewa da Dogondutsi har Filinge a Jamhuriyar Nijar, ƙasar dawaki ce, kuma sunan dokin da Ibrahim Narambaɗa ya yi wa waƙar nan tasa, Dokin Iska Ɗan Filinge, ya isa shaida. In ka yi kudu sosai kuwa, inda kurmi ya yi duhu, ƙudan tsando na nan da cutar sammore, doki ba ya daɗewa. Wannan ne ya sa tun da can ake sayen dawaki a arewa ana kai su kudu, suna mutuwa ana sake saye.

Dokin jarumi

Da boko ya zo, doki ya shiga littafin yara na Hausa, amma ta ƙofar yaƙi. A 1933 Rupert East na Hukumar Talifi da ke Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai, kuma cikin littattafan da suka fito daga gasar akwai Ganɗoki na Malam Bello Kagara. Jarumin mayaƙi ne na Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse na Kwantagora, garin da hanyar da ta bi ta Maiyama da Koko da Yawuri ke kai mutum. Daga farkon littafin har ƙarshensa hawa ne da sara da kirari.

Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fito littafi uku tsakanin 1937 da 1939, ya zo da wani abin dariya in mutum ya tsaya ya duba. Ginshiƙin littafi na ɗaya shi ne a hana yaro hawa doki. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, an bar ɗansa Musa a gida, kullum dare Musa ya yi shiri zai bi sahun mayaƙa, aku ya tsare shi da labari har gari ya waye. Littafin da ya fi kowanne shiga hannun yaran Hausa, ashe aikin akunsa shi ne ya raba ɗan sarki da sirdi.

Dokin da ya fi kowanne suna a littattafan yaranmu shi ne Kwalele, na Iliya Ɗan Maiƙarfi, littafin Ahmadu Ingawa. Asalin labarin daga Rasha yake, na wani jarumi Ilya Muromets da ya tashi gurgu ya warke ya zama barden sarki, amma an yi masa rigar Hausa har ta zauna masa. Sunan dokin ya fita daga littafi ya shiga bakin mutane: in aka nuna maka abu aka hana ka, sai a ce kwalele dokin Iliya, har wanda bai taɓa buɗe littafin ba yana faɗa.

To, duba abin da waɗannan dawaki suka yi tarayya a kai. Suna tsallake ganuwa, suna keta daji, suna jin maganar ubangijinsu. Ba wanda ya taɓa yin ciwon ciki. Ba a nuna mana wanda ya yanko musu ciyawa. Yaro zai gama littafin yana son ya zama Iliya, bai san sau nawa ake shayar da Kwalele a yini ba. Wannan ba laifin marubutan ba ne. A shekarun da suke rubutu, bargar hakimi tana bayan makarantar elementare, dagaci na zuwa gaisuwa a kan doki, rangadi da karɓar haraji duk a kan doki ake yi. Wa zai ɓata takarda yana koya wa yaro abin da yake gani kullum? Ko a zamanin hukumar NORLA, daga 1954 zuwa 1959, da aka yi ta buga ƙananan littattafai na yaƙi da jahilci da jaridun larduna irin su Zaruma ta lardin Sakkwato, hankali ya fi karkata ga tsafta da noma da lissafi da zaman ɗan ƙasa.

Abin da ke barga

Ilimin kiwon doki yana nan, a baki yake. Yaron da aka kai barga ba a fara masa da hawa. Kwando ake ba shi ya kwashe kashi, sai lauje ya tafi fadama. In ya daɗe sai a bar shi ya jiƙa dusa, ya san gwargwadon kanwar da ake sakawa. Yana nan zai ga ana tara harawa da ingirici tun da kaka, a ɗora a kan rumfa ko reshen itace, don in rani ya yi tsanani ciyawa sai da kuɗi.

Ka tsaya wata barga da hantsi, ka ji irin karatun. Yaro ya dawo da doki daga kilisa, jiki duk gumi, ya nufi kwarin hatsi.

"Kai, ɗana, ina za ka da wannan?"

"Baba, dawa zan zuba masa, ya gaji."

"Mayar. Kwance majayi tukuna, ka zagaya da shi ya huce. In ya bushe ka ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. Hatsi sai daga baya."

Tsohon ba zai yi masa bayanin dalili ba, wataƙila sai ranar da aka kwana tsaye a kan dokin da ciki ya murɗe wa. Dalilin kuwa shi ne tumbin doki ƙarami ne in an gwada da girman jikinsa, kuma doki ba ya amai. Abin da ya shiga ya shiga. In aka cika masa ciki da hatsi yana cikin zafi, aka bi da ruwa mai yawa, ciki na iya kumbura ko hanji ya murɗe, sai ka ga yana tonon ƙasa, yana waiwayen cikinsa, yana son birgima. Wannan ƙa'ida, a ba shi kaɗan-kaɗan sau da yawa, ita ce dai ke shafukan littattafan shekara na Ingila. Tsohon Jega da marubuciyar Landan ba su taɓa haɗuwa ba, doki ne ya koya musu abu ɗaya.

Haka sanin shekaru. Dillali ba ya tambayar mai doki, don dokin mai baki ya fi gudu. Leɓe yake ɗagawa. Duƙushi yana fara zubar da haƙoran nono na tsakiya yana da shekara biyu da rabi, na kusa da su a uku da rabi, na gefe a huɗu da rabi, in ya kai biyar baki ya cika. Daga nan sai a koma duban yadda haƙoran suka ci. Goɗiya tana ɗaukar ciki wajen wata goma sha ɗaya. A al'adarmu ingarma ake hawa a fita taro, goɗiya tana ƙauye tana haihuwa, kuma galibin dawakinmu ba a yi musu takalmin ƙarfe, don ƙasar rairayi ba ta cin kofato kamar titin dutse. Da damina kuma ana fargabar wata cuta da ƙananan ƙwari masu cizo da dare ke yaɗawa, mai kumbura kai da cika huhu da ruwa, shi ya sa ake tayar da hayaƙi a barga da magariba.

Sai launuka, inda harshen ya yi arziki: akawal, kili, bidi, danda, hurde, gunya, bikili, kowanne da yadda masana ke kallonsa, wani ana so, wani ana camfa shi. Sai kaya: sirdi da majayi da likkafa, jalala da zubka da ɗauki-saka, ragama ta zaman gida, linzami na fita, ƙaimi a dunduniya. Lifidi da sulke da kwalkwali kuwa, waɗanda Tarihin Kano ya danganta shigowarsu da zamanin Sarki Kananeji wajen ƙarshen ƙarni na 14, sai ranar hawa ake ganinsu. Da yawa daga waɗannan sunaye suna cikin ƙamus ɗin Bargery na 1934, amma ƙamus ba abin da yaro zai kwanta da shi ba ne. A gwada tambayar ɗan sakandare a Aliero bambancin bidi da hurde, a ga abin da zai ce.

Akwai kuma abin da littafi zai iya faɗa wanda barga ba ta faɗa, don ido ya saba. Linzaminmu na gargajiya yana da zoben ƙarfe da ke zagaye haɓar doki, da wani harshe da ke dannar ganɗa in an ja. Shi ke sa ingarma ya tsaya cak cikin sukuwa ya zauna a kan ƙafafun baya, jama'a su yi sowa. A hannun gwani, taɓawa kaɗan ta isa. A hannun yaron da ya yi hayar doki don hawan angwanci, abin azaba ne, kuma jan kumfar da ake gani a bakin doki bayan an sauka jini ne. Haka gefen likkafa mai kaifi da ƙaimi ke yi wa haƙarƙari. Mu ma muna da tamu igiyar da Anna Sewell ta yi kuka da ita, ba mu dai sami wanda ya rubuta kukan da bakin doki ba.

Wani bambanci da ke fitowa fili shi ne na masu karatu. A Ingila 'yan mata ne suka riƙe littattafan ƙuru, su ke rubutawa, su ke saye, su ne jaruman labarin. A nan doki na maza ne. Sarauniya Amina ta Zazzau tana kan doki a zane da mutum-mutumi, a da can ma akan kai amarya a kan doki, har karin magana ya ce in amarya ba ta hau doki ba, ba a aza mata kaya ba. Amma yarinyar da za ta ce tana son ta koyi sukuwa, dariya za a yi mata a yawancin gidaje. Ga shi kuwa 'yan matan ne suka fi riƙe karatun littattafan Hausa a yau, kuma cikinsu akwai masu shiga karatun likitan dabbobi.

Yau aikin doki a tsakanin Jega da Aliero da Maiyama babur ya karɓe shi. Albasar Aliero a mota take tafiya, dagaci a kan babur yake zuwa gaisuwa, hakimi a mota. Doki ya koma na hawan salla, da naɗin sarauta, da angwanci, da sukuwa, da ƙwallon doki ga masu hali, wasan da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da ɗansa Usman Nagogo suka kafa wa gindi a Arewa. Darajarsa ta ado ba ta ragu ba, har hukumar UNESCO ta sanya hawan dabar Kano cikin jerin al'adun duniya a 2024. Samari ma ba su daina sha'awa ba, sai dai da yawansu sun iya hawa ba su iya kiwo ba. A Kano hukuma ta sha hana kilisa a titunan birni saboda haɗurra, kuma masu ɗorin Aliero, waɗanda sunansu ya kai ko'ina a Arewa, sun san abin da faɗuwa ke yi wa ƙashi, daga babur ne ko daga sirdi. Wato mun iso daidai inda Ingila ta tsaya a wajen 1930: doki ya bar aiki, yara na sonsa, masu saninsa suna tsufa.

Littafin da ake bukata ba mai wuyar yi ba ne. Shafi sittin ko tamanin ya isa, a fitar da shi sau ɗaya a shekara gab da ƙaramar salla, lokacin da hankalin kowane yaro ke kan doki. A sa labari biyu ko uku da jaruminsu ɗan barga ne, a zana sirdi da sunan kowane sashe, a ɗauki hoton launuka a rubuta sunayensu, a nuna yadda ake haɗa dokin kara, likitan dabbobi ya yi shafi a kan ciwon ciki da rigakafi. Akwai jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero tun 2006, ɗalibanta na da wayoyin da ke naɗar murya, bargar sarakuna da hakiman ƙasar Gwandu kuma ba nisa. Malamin Hausa ko ɗalibin da ya karanta wannan rubutu, ya nemi shamaki ko tsohon ɗan barga mafi kusa da shi, ya gaishe shi da goro, ya zauna ya rubuta abin da zai faɗa tun yana da ƙarfin faɗa.